Zare Mai Duwatsu Uku

A Gada Biyu babur ya kayar da ni,
wata Talata, ruwa na tsugawa.
Da na farka a Lamingo bayan kwana tara
sunan wurin ya biyo ni har gado:
fanka biyu, ƙofa biyu, likita biyu da murya ɗaya,
'yata Tasalla ta zama tagwaye
ba a yanka rago ba.

Ƙashi ya kama, ɗinkin kai ya bushe,
'yan dubiya suka ce barka, an auna arziki.
Na amsa. Ban gaya musu ba
kofin shayi na kai wa hannu
na damƙo iska,
ni da na shekara ashirin da shida a Taminus
ina zare hanjin agogo da hantsaki,
ina ɗaure noti bai kai ƙwayar gero ba.

Kangyang sunanta, mai horar da ido.
Na zaci allura ce, ko wuƙa, ko ɗigo.
Sai ta warware zare kamu shida,
baki ɗaya ta ƙulla a ƙarfen taga,
ɗayan ta ce in dafe a kan hanci.
Duwatsu uku a jikinsa: ja, kore, ruwan ɗorawa.
"Baba, dubi jan nan. Nawa ne?"
"Biyu."
"To, ce musu su sasanta."

Na yi dariya har haƙarƙari ya tuna mini bashinsa.
Idanunka shanun huɗa ne, in ji ta,
ɗaya ya firgita ya bar kunya.
Ba bulala yake so ba, lallashi ne,
kullum, kaɗan, tun rana ba ta yi tsaka ba.

A gida, Rikkos, ƙusar labule ta zama asibiti.
Yaran maƙwabta na leƙe ta katanga:
ga dattijo da zare a hanci kamar raƙumi.
Kai ya sara, zuciya ta tashi,
hawaye na zuba ba kukan komai ba.
In rufe dama da ƙyalle, in bi fensir,
in karanta baƙaƙe daga bango zuwa tafin hannu,
daga tafin hannu zuwa bango.
Mako na biyar na wurgar da zaren bayan randa.
Tasalla ba ta ce uffan ba.
Da asuba na same shi a ƙusarsa,
an wanke duwatsun, suna ɗigar ruwa.

Ran da abin ya zo ba ganga ba kaɗe-kaɗe.
Sanyin Jos na cizon kunne,
shayi na hucewa a gefen tabarma,
koren nan biyu suka matso, suka matso,
kamar 'yan'uwan da suka daɗe da gaba
sun haɗu a layin famfo,
sai ga shi ɗaya.
Numfashi uku ya yi. Ya sake rabuwa.

Na kai mata ƙara: dutse ya haɗe
amma zaren biyu nake gani,
sun gitta a kansa kamar almakashi.
Ta tafa hannu. "Haka ake so!
Zare biyu, dutse ɗaya.
Kowane ido ya kawo shaidarsa ke nan."
Ashe ba kowane biyu ne cuta ba.

Wata bakwai yanzu. Ban ce na warke ba.
In gajiya ta sauko da magariba
wata biyu ke hawa duwatsun Shere,
sai in tsaya, in lumshe, in roƙe su.
Matakala har yau ƙafa ke fara tambayarta.

Akwai agogon Malam Gwom a aljihun tebur,
ya kawo shi jajibirin faɗuwata,
bai taɓa aiko a tambaya ba.
Jiya na buɗe bayansa.
Noti huɗu ne. Na mayar da ɗaya,
hannu na rawa, gumi a wuyan riga.
Tasalla ta ce, "Baba, saura uku."
Na ce na gani.
Uku na gani, ba shida ba.